Ranar da Duna ya tauna fulawar baranda, da abin da likita ya gano a hoto na huɗu

Ni mace ce mai son shuka, duk wanda ya taɓa shigowa gidanmu nan bayan Ƙofar Ƙaura ya san haka. Tun muna haya a Rafin Daɗi nike tara tukwanen fulawa, wasu na saya wajen masu saidawa a bakin titi, wasu ƙawaye suka yanko mani reshe na dasa cikin robar fenti. Lokacin da abin nan ya faru tukwane 23 gare ni jere a baranda, kuma gaskiya waɗanda na san sunansu ba su wuce 5 ba, sauran dai in ganye ya yi mani kyau shikenan na ɗauko. Ban taɓa tambayar mai saidawa ko wata na da dafi ba, shi ma bai taɓa ce mani komai ba, bana jin ma ya sani.

Kare kuma ba da son raina ya shigo gidan ba tun farko. Sata ce ta yi yawa a layinmu, aka haura mana katanga aka kwance batirin sola da injin ruwa a dare ɗaya, sai maigidan yace to kare zai kawo na gadi. Ya zo da ɗan kwikwiyo baƙi ƙirin ɗan wata 2, yara suka sa mashi Duna. Sharaɗina shi ne ba zai shiga ɗaki ba, kwanonshi daban, wajen kwananshi daban, aka yi mashi keji a bayan gida kusa da tankin ruwa, da dare a sake shi. Babban yarona mai shekara 12 shi ya ɗauki hidimarshi, abinci da wanka da komai. Da ya cika wata 3 aka kai shi aka yi mashi allurar rigakafin hauka aka ba mu kati, na jefa katin cikin durowa ban ƙara tuna shi ba, ashe katin nan shi zai tsaya tsakanin Duna da sanda.

Watan Afrilu ne, kowa ya san zafin Katsina a lokacin, ya kan haura digiri 40 ko iska ta kaɗo kamar daga bakin murhu ta fito. Rufin kejin kwano ne. Kare kuma ba kamar mu yake zufa ba, da haki yake fidda zafin jikinshi, shi ya sa za ka ga harshe waje. Yarona ya dawo makaranta ya tarar da Duna kwance yana ta haki, tausayi ya kama shi, sai ya kwance sarƙar ya maido ta jikin ƙarfen baranda inda ke da inuwa da danshi, tunda safe da yamma nike ban ruwa. Niyya mai kyau ce wallahi, har yau ban yi mashi faɗa a kanta ba. Amma abu biyu suka haɗu, ya manta kwanon ruwan a can bakin keji, sannan tsawon sarƙar ya kai wajen tukwane 6. Ga shi Duna na wata 5 lokacin, daidai sanda kwikwiyo ke famfara, haƙoran nono guda 28 na zubewa na girma guda 42 na fitowa, dadashi na mashi ƙaiƙayi, ba silifas ba tiyon ban ruwa, duk abin da ya samu taunawa yake. To ka ɗaure mai ƙishirwa mai ƙaiƙayin baki kusa da kara mai ruwa, me ake jira.

Wajen ƙarfe 2 da rabi na idar da azahar kenan ina ninke sallaya naji wani irin kuka da ban taɓa jin ya yi ba, ba haushi ba, ƙara ce siririya kamar an taka mashi wutsiya an ƙi ɗagawa. Na fito da gudu. Tukunyar babbar fulawar nan tawa mai faffaɗan ganye kore da ɗigon fari a tsakiya tana kife, karan nata mai kauri kamar rake an tattaune shi har ya yi zare-zare, shi kuma Duna yana ta kai ƙafafun gaba bakinshi kamar mai son ciro wani abu, ya girgiza kai ya goga fuska a siminti, yawu na zuba kamar igiya har ƙirjinshi ya jiƙe sharkaf. Can ya yunƙura ya amayo kumfa da guntayen ganye. Yarona na tsaye yana kuka yana cewa Umma ni na ja mashi, Umma ni ne.

Kukan ya jawo mutane. Baba maigadin gidan da ke jikin namu ya leƙo, yana ganin yawun nan ya ɗaga murya yace Hajiya ku ja baya ku kwashe yara, haukan kare ne wannan, ya juya ya dawo da gora. Kuma ban ga laifinshi ba ko kaɗan, dattijon ya taɓa ganin wanda mahaukacin kare ya ciza a ƙauyensu, ciwon nan in alamunshi suka bayyana a jikin mutum kusan babu tashi, duk wanda ya ga haka sau ɗaya ba zai yi wasa da kare mai dalalar da yawu ba. Nace Baba don Allah dakata, an yi mashi allura, ga abin da ya ci nan a ƙasa. Na tura yaron ya ɗauko katin. Kafin ya dawo shawarwari sun fara zuwa ta kan katanga, wannan tace a ɗura mashi manja, wancan yace ruwan gishiri mai kauri ya amayar da dafin, wata tace madara. Hannuna na rawa na kira maigidan, yana kasuwar Jibiya ranar, yace kar a ba shi komai, ga lambar likitan dabbobin da ya yi mashi allura nan zai turo.

Likitan bai ɓata lokaci ba. Yace Hajiya an yi mashi rigakafi? Nace eh kai ma ka yi. Ya ciji wani ko ya canza hali kwanakin nan? Nace a'a, da safe ma lafiya lau ya ci abinci yana wasa. Yace numfashi fa, yana fita daidai ko kina jin ƙara a maƙogwaro? Na kasa kunne nace yana fita. Sai yace in ɗauki hoton abin da ya tauna, kuma in ɗauki hoton duk tukunyar da sarƙar ke iya kaiwa, ɗaya bayan ɗaya, in turo mashi ta WhatsApp. A raina nace ana wannan tashin hankali wa ke ta hoto, amma na yi, guda 6.

Ko minti 2 ba a yi ba ya kira. Yace wadda ya tauna sunanta difenbakiya, asalinta daga yankin Amurka ta Kudu da ta Tsakiya take, Turawa ma sunan da suke kiranta da shi na nufin karan bebe saboda in mutum ya tauna baki da harshe su kan kumbura har magana ta gagara. Yace kar a ba shi ruwan gishiri, gishirin kanshi in ya yi yawa yana iya sa kare farfaɗiya har ya kashe shi, kar a ɗura manja don in ya sarƙe ya bi ta huhu an ƙara wata matsalar, kuma kar a sa shi amai da gangan don abin da ya ƙona baki da shiga zai ƙara ƙonawa da fita. A wanke mashi baki da ruwa mai sanyi, ana zubawa ta gefe kanshi na kallon ƙasa, kar kowa ya sa hannu tsirara a bakin, a sa safar hannu ko leda, don kare mai jin zafi ko uban gidanshi yana iya cizo. In ya yarda ya lasa madara ko yogot kaɗan da kanshi a bar shi, yana rage raɗaɗi, amma ba ɗure ba. Sannan yace ku taho da shi yanzu, akwai abin da na gani a hoto na huɗu.

Baba maigadi da kanshi ya aje gorar ya taya mu riƙe shi, ya samo mana mai Keke Napep da ya yarda ya ɗauki kare, wanda ba ƙaramin aiki ba ne a garin nan, biyu sun ƙi.

Bayanin da likitan ya yi mani a can shi ya zauna mani a kai, don da abin da na sani ya kwatanta. Yace Hajiya kin taɓa cin gwaza da ba ta dahu ba? Nace sosai, maƙogwaro ya yi ta ƙaiƙayi kamar an zuba ƙaya. Yace to dangi ɗaya ne da fulawarki. A cikin ganyen da karan akwai wasu ƙananan allurai da ido baya gani, na wani sinadari kalsiyam okzalet, suna cushe cikin ƙwayoyin shukar, da an tauna sai su harbo su soke harshe da dadashi da maƙogwaro. Ita gwaza dahuwa mai kyau ke kashe mata kaifi, ita kuwa wannan ɗanya ya ci. Yace dangin na da yawa a gidajen mutane, irin mai yaɗon nan da ake sawa a kwalba da ruwa ana ce mata moni filant, da filodendiron, da monstera mai yagaggen ganye, da kaladiyam mai ja da kore, da fis lili mai farin fure. Guda 4 cikin waɗanda ya lissafa ina da su. Amma yace abin da ke da sauƙi a wannan dangin shi ne zafin nan take yake zuwa, kare baya iya cin mai yawa sai ya saki, galibi kwana ɗaya zuwa biyu ya warware, abin tsoron kawai in kumburi ya sauka maƙogwaro ya toshe numfashi, kuma ba kasafai yake kaiwa nan ba.

Sai ya buɗe hoto na huɗu ya faɗaɗa shi da yatsa ya miƙo mani wayar. Kariya ce, wadda masu fulawa ke ce ma dezat roz, mai kumburarren gindi kamar ƙaramar kuka da fure ruwan hoda. A jikin gindin ga sawun haƙora nan guda 3, ɗaya har ya ɗan huda ɓawon ruwa ya tsattsafo ya bushe. Ni da na ɗauki hoton ban lura ba. Yace wannan ce ta tada mani hankali ba waccan ba. Dafin kariya zuciya yake taɓawa, dangin maganin zuciyar nan ne digokzin amma babu awo, tun zamanin da mutane a sassan Afirka ke amfani da ruwanta wajen dafin kibiya da kashe kifi. Ba ta sa kare ihu kamar difenbakiya. Zai yi amai, jiki ya mutu, bugun zuciya ya ragu ko ya rikice, mai gida na cewa ai ya samu sauƙi tunda ya kwanta shiru, daga nan sai a wayi gari babu shi. Yace da ita kaɗai ya tauna da wataƙila ba ki kira ni ba sai dare.

Jikina ya yi sanyi, don kariyar nan daga gidan mahaifiyata a Daura na yanko ta, shekara 2 kafin rasuwarta, duk cikin tukwanen ita na fi ji da ita.

Ya sa abin sauraren ƙirji ya daɗe yana ji yana kallon agogo, ya ɗaga leɓe ya duba launin dadashi, ya haska maƙogwaro. Harshen ya kumbura ya yi ja amma hanya a buɗe take. Ya yi mashi allurar rage kumburi da ta tsaida amai, da ya ɗan lafa ya ba shi gawayin asibiti, wani baƙin ruwa mai kama dafi a cikin hanji kafin ya shiga jini, yace wannan saboda kariyar ne don a kan ƙananan alluran da ke cikin difenbakiya baya wani aiki. Ya ja mani kunne kar in koma gida in daka gawayin murhu in ce shi ne, ba ɗaya ba ne, kuma kar tausayi ya sa in ba shi maganin ciwon jiki na mutane, ibufurofen na ɓata ma kare ciki da ƙoda, farasitamol ma ba a ba shi sai da awon likita. Ya riƙe shi ya kwana a wajenshi yana duba bugun zuciyar lokaci-lokaci. Alhamdulillahi bata canza ba, da alama ya ɗan gatsa ne kawai ya saki ya koma kan mai ruwa-ruwan. Washegari da la'asar muka ɗauko shi. Kwana 2 yana shan kunu mai sanyi da romo, a na uku ya koma cin tuwonshi da ƙashi.

Rigimar da ta biyo baya a cikin gida aka yi ta. Maigidan yace abu ɗaya za a zaɓa, ko fulawa ko kare, shi kuma kare na mashi aiki. Nace ban yarda ba, ba fulawa ce ta je ta samu Duna ba, mu muka kai shi wajenta muka hana shi ruwa. Muna cikin ja-in-ja ƙaramar ɗiyata mai wata 10 ta rarrafo ta kama bakin wata tukunya zata miƙe, hannunta na kan ganyen moni filant, kuma kowa ya san abin da yaro ya kama baki yake kaiwa. Daga ni har shi muka yi shiru. Maganar ta tashi daga ta kare.

A satin da abin ya faru na zauna da wayata na bi tukwanen nan ɗaya-ɗaya, na ɗauki hoto na nemo sunan kowace na gwada da jerin da ƙungiyar hana zaluntar dabbobi ta Amurka, ASPCA, ta fitar na shuke-shuke masu cutar da karnuka da marasa cutarwa, wanda na yi kokwanto na tura ma likita. Cikin 23, guda 9 na da matsala. Har alobera da nike shafawa a fuska, ashe ruwan ɗorawar nan mai ɗaci da ke ƙarƙashin ɓawonta na sa kare amai da zawo. Mai dogon ganye tsaye kamar takobi da ake ce ma sinek filant ita ma haka, ba ta cika kisa ba amma tana wahalarwa. Difenbakiya na tumɓuke ta da safar hannu na ƙulle a buhu, ban zuba a bola a buɗe ba saboda awakin unguwa. Masu yaɗon na rataye su sama da ƙugiya a silin baranda, ina datse duk reshen da ya sauko, ganyen da ya faɗo in share shi take, ruwan kwalbar da nike jiƙa reshe ma na daina zubarwa a tsakar gida. Inda suka tashi na cike da waɗanda aka tabbatar ba su da dafi, sifaida filant, areka fam, bostin fan da kalatiya, sai dai gaskiya bostin fan ba ta son iskar Katsina, hunturu na shigowa ta bushe mani, sifaida filant ce mai jurewa.

Abin da ya fi ba ni mamaki ba na baranda ba ne. Da likita yace in zagaya duk inda Duna ke yawo da dare, sai ga tumfafiya ta fito a bayan tanki, wadda muka taso muna gani a kowane kango ba mu ɗauke ta komai ba, alhali ruwanta fari ɗin nan na ƙona ido kuma ita ma dafin zuciya gare ta. Ga cin-da-zugu da tsohon mai filin ya yi shinge da shi, 'ya'yanshi na zubowa ƙasa, ga zurma guda 2 a lungun katanga, ƙwayarta in aka tauna dafinta mai tsanani ne. Duk na sa aka sare aka tone saiwar. Na kuma daina fesa fiya-fiya a jikin fulawa don kashe ƙwari, wanda da nike yi ba tunani, kare na lasar ganyen da ƙasar, yara na wasa a wajen. Buhun takin zamani ma ya koma sito an kulle.

Kejin kuwa an ɗaga rufin an shimfiɗa zana a sama, an sa mashi kwanon ruwa na siminti wanda ba ya kifewa, yarona ke cika shi kafin ya tafi makaranta da in ya dawo, ya samo mashi igiya mai kauri da aka ƙuƙƙulla yana taunawa. In za a canza mashi wajen ɗauri sai an ja sarƙar iya tsawonta an zagaya an ga me take kaiwa.

Na kira yayata da ke GRA saboda na tuna akwai sago fam guda 2 a bakin ƙofarta, masu kama da gajeren dabino, ga karnuka 2 tana da su. Likita ya ce mani cikin duk na ado ita ya fi tsoro, ko'ina a jikinta dafi ne amma ƙwallon ya fi, kare zai fara da amai sai a ga kamar ya wuce, bayan kwana 2 ko 3 hanta ta lalace ido ya yi ɗorawa, da yawa ba su tashi ko an kai asibiti. Tace Allah ya kyauta, ai shekara nawa suna nan ba abin da ya faru. Nace Yaya nima shekara nawa difenbakiyata na nan. Sai da na je da kaina na nuna mata hotunan bakin Duna sannan ta sa aka zagaye su da waya, cirewa dai ta ƙi.

Ban matsa mata ba don nima kariyar Inna ban iya yarda ita ba. Maigidan ya so a fidda ta, na roƙe shi, daga ƙarshe ya kira mai walda aka yi mata keji na raga mai ƙofa da kwaɗo a kusurwar gaban gida, ragar ƙanana ce ko hannun jariri baya shiga, makullin na cikin jakata. In zan yi mata aski safar hannu nike sawa, rassan in ƙulle su a leda in ƙona. Sawun haƙoran nan 3 har yanzu suna jikin gindin, sun warke sun zama tabo fari-fari, bana ma ta yi fure sosai a cikin ragar.